Taya mai farin gefe: yadda ake wanke ta da kula da ita a tsohuwar mota

Motata Volkswagen Beetle ce, irin mai inji a baya, wadda na gada daga kawuna. Shekara biyu na yi ina lallaɓa ta, daga inji har kujeru, kuma abu na ƙarshe da na sa mata shi ne tayoyi huɗu masu farin gefe da aka yo mini odarsu daga waje. Ba su fi wata biyu a jikinta ba na kai ta wani wurin wanki, na bar ta na shiga masallaci. Ko da na fito yaron ya gama, yana tsaye yana murmushi. "Alhaji, dubi tayar nan, kamar madara." Gaskiyarsa kuwa, farin har ɗaukar ido yake yi. Ashe bilic ya kwarara mata tsagwaronsa, sannan ya bi baƙin da farin gaba ɗaya da man ƙyallin taya. Har tukwici na ba shi. Haka muka yi ta yi duk bayan sati biyu, kusan wata biyar. Daga nan na lura farin ba ya kwana uku bai dafe ba, launinsa ya koma na tsohuwar takarda, kuma in ka shafa shi sai ka ji ya yi kaushi kamar alli. Garin neman gira na kusa rasa ido. Tun daga lokacin ni nake wanke tayoyina da hannuna, kuma abin da na koya ke nan zan shimfiɗa a nan.

Farin nan roba ce, ba fenti ba

Wannan shi ne abin da ya kamata ya fara zama a kai, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. A farkon zamanin mota tayoyi ba baƙaƙe ba ne. Robar asali fara-fara ce, kuma masu sarrafa ta suna zuba mata zink oksaid, wani farin gari da ake samu daga tutiya, wanda yake ƙara mata ƙarfi ya kuma mai da ita fara fat. Wajen 1910 ne kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ya shiga haɗa robar da baƙin garin kabon, mai kama da kunkunniya, saboda an gano yana sa taya ta daɗe sosai ba ta cinye ba. Da farko wasu a wurin da ke taka ƙasa kawai suke sa baƙin, gefen ya tsaya da farinsa. Daga baya abin ya zama ado. Ford ya fara ba masu sayen motocinsa zaɓin farin gefe a 1934, a shekarun 1950 kuma farin ya yi faɗi har wajen inci uku, kafin a soma rage shi. Zuwa 1962 yawancin motocin Amurka sun koma siririn zobe mai faɗin kamar inci ɗaya. Wannan ya sa masu kula da tsofaffin motoci ke duba shekarar mota kafin su zaɓi faɗin farin da zai dace da ita.

A tayar gaskiya, shimfiɗar farar roba ake ɗorawa a gefen tun wajen ƙira, a rufe ta da wata siririyar baƙar roba, a gasa su tare, sannan inji ya kankare baƙin daidai faɗin zoben da ake so. Ma'ana farin yana da kauri, amma kaurin yana da iyaka, kuma duk abin da ka goge daga jikinsa ya tafi ke nan. Sannan a bakin zoben, ƙarƙashin baƙin da kake gani, akwai sauran fari a ɓoye. Riƙe wannan, za mu dawo kansa idan mun zo kan samfefa.

Kafin ka taɓa komai, tabbatar da irin farin da ke kan motarka. Ban da na gaskiya, akwai zoben roba da ake saya daban, a maƙale bakinsa tsakanin wili da taya, ya kwanta a kan baƙar taya. In ka sa farce a bakinsa na waje zai ɗago. Akwai kuma wanda fenti ne kawai aka shafa, za ka gane shi da ɓarewa da tsattsagewa kamar busasshen kunu a bango. Shi zoben roba ana wanke shi da sabulu da soso, a ɗaga bakinsa a hankali a kore yashin da ya taru a ƙarƙashi, amma ba ya son ruwa mai matsi. Mai fenti kuwa ba abin da ya dace da shi sai ruwan sabulu da tsumma. Duk abin da zan faɗa game da goge-goge mai ƙarfi, tayar gaskiya nake nufi.

Dauɗar waje da dauɗar ciki

Yawancin mutane in sun ga farin ya yi ja-ja sai su ce ƙura ce. Wani lokaci ita ce, musamman a inda ake da jar ƙasa, wadda in ta haɗu da ruwan damina take shiga 'yan ramukan robar ta zauna. Akwai kuma ƙurar birki, da ɗigon kwalta, da baƙin zane na gogar dakalin titi ko bakin kwalbati, da fitsarin kare, wanda in ya bushe a rana yake barin tabo rawaya.

Amma akwai wadda daga cikin tayar take fitowa. Ana haɗa baƙar roba da wani sinadarin kariya, wanda aka fi amfani da shi ana kiransa 6PPD, aikinsa ya riƙa tsattsafowa waje a hankali yana tare iskar ozon da ke tsattsaga roba. In ya haɗu da iskar sai ya koma ruwan ƙasa. Shi ne ke sa ko baƙar taya ta yi launin makuba in ta daɗe ba a wanke ba. A farar roba ba a sa irinsa, amma yana yin ƙaura daga maƙwabciyarta baƙa, ta baki da ta ƙarƙashi, kuma duk wani mai ko fetur da ya taɓa tayar yana narkar da shi ya shimfiɗa shi a kan farin. Abin da ya faru da tawa ke nan: bilic ya busar da fuskar robar ya buɗe mata ramuka, man ƙyalli kuma ya kwaso ruwan ƙasar daga baƙin ya cusa a ciki.

Dubi siffar tabon, za ta gaya maka daga inda ya fito. In launin ya bi zoben ko'ina daidai, ya fi kauri kusa da baƙin, na ciki ne. In ya fi yawa a ƙasa da bayan taya, ƙasa ce. In kuwa ka ga layuka sun taso daga tsakiyar wili sun bazu waje kamar hasken rana a zanen yara, to ajiye buroshi ka kira makanike, domin giris ne ko man birki ko man aksul yake yoyo, tayar tana watsa shi in tana juyawa. Layin ja mai gangarowa daga bakin wili kuma tsatsa ce, kuma ko ka wanke sau goma za ta dawo muddin ba a gyara wilin ba.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraya. Sabulun ruwa na wanke kwanuka ko na wankin mota. Buroshi biyu masu gashin roba, matsakaitan tauri, da tsohon buroshin haƙori. Tsumma fari ko tawul mai laushi guda biyu ko uku. Bekin soda, wato farin garin nan da ake samu wurin masu kayan kek, ba bekin fauda ba, ba kuma sodar haɗa sabulu ba, wadda ke ƙona hannu. Safar hannu ta roba. Sai 'yar kujera ta tsuguno, domin aikin na zaune ne, kuma wanda ya yi shi a duƙe bayansa zai ba shi labari da dare.

Batun buroshi biyu ba tsirfa ba ce. Ɗaya na farin ne shi kaɗai, ɗaya na baƙin. Ni na ɗaura wa na farin jan zare a mariƙi don kada su cakuɗe. Buroshin da ya goge baƙar roba ya kwaso wancan ruwan ƙasar, in ka kai shi kan farin kai da kanka kake shafa masa tabo.

Wankin kansa

Fara da zaɓen lokaci. Da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, tayar kuma ta huce. Taya mai zafi tana busar da sabulu kafin ya yi aiki, ya bar mata shatinsa. In yanzu ka dawo daga tafiya, ba ta awa ɗaya. In murfin wilin na ɓallewa ne cikin sauƙi, cire shi ka ajiye gefe, don ka samu isa bakin zoben na ciki. Tayoyi ake fara wankewa kafin jikin mota, saboda abin da zai fantsama.

Mataki na farko, kora da ruwa zalla, mai yawa. Wannan ne matakin da ake yi wa gajen haƙuri, alhali ya fi kowanne amfani. Yashin da ke kan tayar in ka bi shi da buroshi ya zama samfefa, ya karce farin, karcen kuma ya zama maɓoyar datti. Kora har cikin ƙarƙashin mudgad, in ba haka ba kana gamawa laka za ta ɗigo ta ɓata maka aiki. In da injin feshin ruwa mai matsi kake aiki, ja baya aƙalla kamu ɗaya, kada kuma ka tsayar da bakinsa wuri ɗaya a gefen taya.

Na biyu, wanke baƙin tukuna. Haɗa kamar cokali biyu na sabulun ruwa a rabin bokiti, ruwan ya zama mai ɗan ɗumi in da hali. Ɗauki buroshin baƙin ka goge sashen da ke tsakanin farin da inda ke taka ƙasa, kana tura buroshin waje, nesa da zoben. Za ka ga kumfar ta fito ruwan ƙasa kamar shayi. Ɗauraye, sake gogewa, har kumfar ta fara fitowa fara. A tayar da ta daɗe ba ta ga wanki na ƙwarai ba, sai an yi sau uku. Dalilin fara da baƙin a bayyane yake: dole ruwan dattinsa ya gangara kan farin, gara ya gangara tun farin bai sha wanki ba.

Na uku, wili da bakinsa. Tsohon buroshin haƙorin nan shi ne na lungun da wili ya haɗu da taya, inda ƙura da tsatsa ke taruwa.

Na huɗu, sai farin. Sauya ruwan sabulu, kada ka yi ƙyashi. Jiƙa zoben da kumfa ka bar ta minti biyu ko uku, amma kada ta bushe. Goge da buroshin farin kana bin zagayen zoben, ba kana tsallaka shi daga baƙi zuwa baƙi ba. Raba tayar gida huɗu a ranka, ka gama kowane gida ka ɗauraye kafin ka shiga na gaba, daga sama zuwa ƙasa. Ba ƙarfi ake so ba, maimaici ake so. Bayan kowane gida tsoma buroshin a bokitin ɗauraya. Sashen da ke can ƙasa, inda tayar ta ɗan baje saboda nauyin mota, ba ya goguwa da kyau, don haka in ka gama tayoyin huɗu sai ka tura motar gaba kaɗan, tayar ta yi rabin juyi, ka bi wuraren da suka rage. Beetle ba ta da nauyi, ni kaɗai nake tura tawa.

Na biyar, ɗauraya sosai, sannan tsanewa. Mutane da yawa suna barin taya ta bushe da kanta, kuma nan ne aikin yake lalacewa, domin ruwan da ya maƙale a sama yana gangarowa ta kan baƙin ya ja layi a kan farin. Ga kuma ruwan burtsatse na wasu unguwanni mai barin shati in ya bushe. Goge farin da farin tsumma, sannan baƙin da wani tsumman daban. Dubi farin tsumman: in ya fito da launi, akwai saura.

In wankin nan kaɗai kake yi duk sati ɗaya ko biyu, da wuya ka buƙaci abin da ke tafe. Minti arba'in ya ishi tayoyi huɗu. Da hunturu, lokacin da ƙura ke sauka dare da rana, kora da ruwa zalla da tsanewa a tsakiyar sati yana rage wahalar ranar wanki. Da damina kuwa ƙa'idata ita ce jar laka ba ta kwana a kan farin.

In tabo ya yi taurin kai

A nan hawa-hawa ake yi, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi, kuma da zarar tabon ya fita sai a tsaya. Kowane hawa yana cin robar fiye da na bayansa.

Hawan farko bekin soda. Dama cokali uku da ruwa kaɗan ya yi kaurin man goge baki, shafa a kan jiƙaƙƙen farin, bar shi minti biyar, goge da buroshi ko soso, ɗauraye. Yana fitar da jar ƙasa da yawancin rawayar da ba ta yi nisa ba. Wani abokina ya ce me zai hana toka ko kanwa, tunda da su iyayenmu ke fitar da baƙin tukunya. Tukunya ƙarfe ce. Toka da kanwa suna da tsakuwa a ciki, kuma ba ka san ƙarfin abin da ka dama ba, don haka ban ba da shawararsu ba.

Hawa na biyu, farin soson nan mai kama da kumfa da ake sayarwa da sunan Magic Eraser da ire-irensa. A jiƙa shi, a goga a hankali. Yana da kyau a kan baƙin zanen gogar dakali. Yana marmashewa da sauri, taya biyu na iya cinye guda.

Hawa na uku, sinadarin da aka yi musamman don farin taya. Wanda ya fi suna a Amurka shi ne Bleche-Wite, akwai kuma wasu. Suna aiki, amma suna da kaifi. Jiƙa tayar da wilin da ruwa tukuna, fesa a kan buroshi maimakon kan tayar don kada iska ta kai shi jikin fenti, kada ya wuce minti ɗaya ko abin da aka rubuta a jikin robar, sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa. Yana iya ɓata wilin alminiyam da fenti in ya bushe a kansu. Sa safar hannu, kare idonka. Ba na kowane sati ba ne.

Ɗigon kwalta shi ne wurin da kowa ke cewa a kawo kananzir. Maimakon haka gwada kankare shi da tsohon katin roba da sassafe lokacin da ya daskare, sauran shatin kuma bekin soda ko farin soson ya ɗauke shi.

Hawan ƙarshe samfefa, kuma wannan na tayar da rawayar ta riga ta shige ta ne, kamar tawa bayan wancan yaron. A nemi samfefar ruwa, irin ta masu fentin mota, lamba 400 da lamba 800. Jiƙa ta a ruwan sabulu minti goma. Naɗe ta a jikin ɗan guntun soso don matsin ya bazu, kada yatsunka su yi kwari a robar. Goga da 400 kana bin zagayen zoben, hannu sakwa-sakwa, ruwa na zuba a kai a kai. Za ka ga wani farin ruwa-ruwa kamar tsinkakken koko yana gangarowa, wannan robar tayarka ce take tafiya, don haka tsaya kana dubawa. Da farin ya bayyana, koma 800 ka sulɓe wurin, domin fuska mai kaushi ta fi kama datti. Ka tuna farin da na ce yana ɓoye ƙarƙashin baƙin bakin zobe? In samfefa ta haura can, baƙin zai kankare, farin ya leƙo, zoben ya koma mai karkataccen baki, kuma babu gyara. Ni ina liƙa tef ɗin takarda na masu fenti a kan iyakar kafin na fara. Tayoyina huɗu sun ci mini yinin Asabar guda, sun kuma dawo, ko da yake ta baya ta hagu har yau in ka matsa kusa za ka ga inda hannuna ya zarce. Wannan aiki ne na sau ɗaya ko biyu a rayuwar taya. Kuma in gefen ya riga ya tsattsage, kada ma a fara.

Soson ƙarfe mai sabulu, wanda tsofaffin masu motoci a Amurka suka daɗe suna amfani da shi, yana fitar da datti, amma yana zubar da 'yan ƙananan gashin ƙarfe da ke maƙalewa a bakin wili su yi tsatsa. In ka yi amfani da shi, ɗauraya ta zama ninki biyu.

Abin da bai kamata ya taɓa farin ba

Bilic, kowane iri, ko an sirka. Fetur, kananzir, gas, tina. Man birki da baƙin mai, waɗanda wasu masu wanki ke shafa wa taya don ta yi sheƙi. Buroshin waya. Omo ma ban cika so ba, yana da kaifi, kuma garin da bai narke ba yana maƙalewa.

Man ƙyallin taya kuwa, in dole sai ka sa, nemi mai asalin ruwa, wanda yake fari kamar madara, ba mai maiƙo mai kama da man gyaɗa ba. Zuba shi a soso, shafa a baƙin kaɗai, bar ɗan tazara kamar faɗin farce tsakaninsa da zoben, goge rarar, kuma kada ka tuƙa sai ya bushe. Ni dai na daina gaba ɗaya. Tsohuwar mota ba ta fito daga kamfani da taya mai walƙiya ba, baƙi mai tsabta marar sheƙi ya fi yi mata kyau.

In za ka kai motar wurin wanki, faɗa tun kafin a ɗebo ruwa: "Samari, a wanke jiki, a bar mini tayoyin." Kuma tsaya a wurin. Ba mugunta ke sa su ba, so suke su burge ka.

Sabuwar taya da mai faci

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal, Dunlop ma ya daina ƙira a Ikeja, tsakanin 2007 da 2008, tayoyin mota a Najeriya daga waje ake kawo su, balle irin wannan da sai an yi oda. Kamfanoni irin su Coker Tire da ke Chattanooga a jihar Tennessee su ne suka shahara da ƙera tayoyin tsofaffin motoci. Abin da ya sha wannan tafiya bai kamata ya lalace a hannun mai faci cikin minti goma ba.

Sabuwar taya tana zuwa da shuɗin shafi a kan farin. Kariya ce daga tabo, ba launin tayar ba ne. Bar shi har a gama ɗora ta a wili. Je wurin mai faci da kwali ka shimfiɗa, farin ya kalli sama, kada a kifa shi a ƙasan da ta sha baƙin mai. Roƙi mai facin ya yi santsin bakin tayar da ruwan sabulu maimakon mai, ya wanke hannu, in kuma akwai wurin da ke da injin cire taya, ya fi liba da guduma. In za a yi balansin, a sa dalmar ta ciki. Da ka dawo gida wanke shuɗin da ruwan ɗumi da sabulu da buroshi a ranar ko washegari, domin in ya sha rana ya daɗe yana wuyar fita.

Wajen iska ma sai ka sa ido. Mai faci ya saba da motocin zamani da na haya, in ka ƙyale shi zai ɗura wa kowace taya maki 40 a gejin auna iska (psi). Beetle mai tayar radiyal, irin ta zamani, kusan 18 take so a gaba, 27 a baya, saboda nauyin yana baya. Kowace mota da nata, duba littafinta ko takardar da ke liƙe a jikinta. Sayi gejinka, auna da safe kafin a tuƙa, ko da sau biyu a wata. Iska tana sauka kamar maki ɗaya duk lokacin da zafin gari ya ragu da digiri biyar zuwa shida, shi ya sa da sanyin hunturu za ka ga ta yi ƙasa. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta ke lanƙwashewa, kuma daidai kan farin tsagar take fara fitowa.

Ajiya da shekaru

Tsohuwar mota ta fi zama fiye da tafiya, kuma zaman yana cin taya. Sinadaran kariyar nan sai tayar tana juyawa tana motsi suke tsattsafowa yadda ya kamata, don haka fita da ita ko sau ɗaya a sati, tafiyar minti ashirin, ya fi mata alheri. Rana ita ce babbar abokiyar gaba. In babu gareji, a rufe tayoyin da farin yadi ko kwali, ba baƙar leda ko tsohon tiyub ba. Kada a ajiye motar kusa da inda ake walda ko inda injin lantarki ke aiki kullum, domin tartsatsinsu yana haifar da ozon. Kada kuma ta tsaya a kan ƙasar da mai ya jiƙa. In za ta yi wata uku ko fiye ba motsi, ɗora ta a kan jak huɗu na tsayawa, musamman in tayoyin irin na da ne masu saƙar zare a gicciye, waɗanda ke yin shafaffen wuri in sun daɗe a tsaye.

Tayoyin da aka cire kuwa, a wanke, a busar, a jera su fari na kallon fari, da kwali a tsakani. In farin wata ya kwanta a kan baƙin wata na 'yan makonni, zai ɗauki tabon da ko samfefa ba lallai ta fitar ba. Safaya ma haka, in tana kwance a but tare da jak da tabarmar roba, sa ta a tsohuwar rigar matashi ko buhun yadi.

Sai shekaru. A gefen kowace taya akwai layin rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekarar ƙira: 2319 na nufin sati na 23 a 2019. A tayoyi masu farin gefe sau da yawa cikakkiyar lambar tana ɓangaren ciki, sai ka leƙa da tocila. In lambobin uku ne kacal, an yi tayar kafin shekarar 2000, ta zama ta kallo, ba ta hawa titi ba, kome kyan farinta. Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara in ta kai biyar, a kuma sauya ta in ta kai goma ko da zanenta bai cinye ba. Jami'an kiyaye haɗurra na Najeriya kuwa shekara huɗu suke lissafawa daga ranar ƙira, don haka duba lambar tun kafin ka biya kuɗi, kada a aiko maka wadda ta riga ta kwana biyu a sito.

Duk ranar wanki, bayan ka tsane farin, danna shi da babban yatsa a wurare uku ko huɗu kana kallo da kyau. 'Yan siraran layuka a fuska kawai alama ce ta fara gajiya, a ƙara kiyaye ta daga rana. In tsagar ta buɗe baki da ka danna, ko ka hango zare a ciki, ko gefen ya yi ƙulu kamar ƙwai, cire ta a ranar ka sa safaya.